Yadda ake sayen gida a birnin New York ba tare da rangwamen haraji ya yaudare ka ba

Tambaya biyu ake ta maimaita mini. Ta farko daga masu neman gida take fitowa: an ga fulat a talla, dillali ya ce harajinsa bai kai dala ɗari a wata ba, shin a saya? Ta biyu daga waɗanda suka riga suka karɓi makulli, suna neman inda za su je a rage musu haraji. Kafin a shiga matakan, riƙe wannan. Rangwamen haraji a New York iri uku ne, kuma kowanne hanyarsa daban. Wani manne yake da gini, yana da ranar ƙarewa. Wani manne yake da mutum, ranar da ya sayar ya tafi da abinsa. Na uku a kan harajin abin da kake samu yake, a hannun gwamnatin tarayya da ta jiha. Wanda ya cakuɗa su zai iya sayen gidan da yake iya riƙewa bana amma ya gagare shi nan da shekara huɗu. Majalisa tana taɓa wasu daga cikin alƙaluman da ke ƙasa lokaci zuwa lokaci, don haka ka sake duba na shekarar da za ka saya.

1. Fara sanin abin da kake saye

Gidajen zama a birnin kashi uku ne, kuma harajinsu ba ɗaya ba ne.

Gida mai zaman kansa na iyali ɗaya zuwa uku, irin waɗanda suka cika Queens, Staten Island da sassan Brooklyn da Bronx, yana aji na ɗaya a tsarin haraji. Hukumar kuɗi ta birnin tana ƙiyasta darajarsa a kasuwa, ta ɗauki abin da bai wuce kashi 6 cikin ɗari ba a matsayin ƙimar haraji, sannan ta ɗora harajin da ke kusan kashi 20 cikin ɗari a kan wannan ƙimar. Gidan dala 900,000 ke nan ƙimarsa ba za ta wuce 54,000 ba, harajinsa kuma ba zai wuce kimanin 10,800 a shekara ba. Sau da yawa bai kai haka ba, domin doka ta hana ƙimar tashi fiye da kashi 6 a shekara ɗaya ko kashi 20 a shekara biyar. Abin daɗin shi ne sayar da gida ba ya goge wannan kariyar, sabon mai gida yana ɗorawa daga inda tsohon ya tsaya.

Kondo fulat ne da kake mallaka da takardarka, takardar harajinka ma da sunanka take zuwa. Ko-of kuwa ba fulat ɗin kake saye ba. Hannun jari kake saye a kamfanin da ya mallaki ginin, a ba ka takardar izinin zama. Harajin ginin gaba ɗaya kamfanin ke biya, rabonka yana cikin kuɗin da kake bayarwa duk wata. Galibin kondo da ko-of suna aji na biyu, inda ƙimar haraji take kashi 45 cikin ɗari, harajin kuma kusan kashi 12 da rabi. Kada wannan ya tsorata ka. Doka ta ce a ƙiyasta waɗannan gine-gine kamar gidajen haya ne, saboda haka darajar da hukuma ke rubutawa ta kan yi ƙasa sosai da farashin da ake sayarwa.

Hattara: kada ka gwada kuɗin watan ko-of da na kondo kai tsaye. Na ko-of ya riga ya haɗa da haraji, na kondo bai haɗa ba. Sai ka tara kuɗin hidimar kondo da harajinsa kafin ka ajiye su kusa da juna.

2. Ciro takardar haraji da hannunka

Lambar da ke cikin talla, mai sayarwa ne ya ba dillali, dillali ya rubuta. Ba shaida ba ce. Kowane fili a birnin yana da lamba mai kashi uku, ta gunduma da ta unguwa da ta fili, ana kiranta BBL. Da adireshi kaɗai za ka same ta a shafin hukumar kuɗi ta birnin, kuma kyauta ne. Da ita sai ka buɗe takardar haraji ta kwanan nan da sanarwar ƙimar gida ta shekara. Kada ka tsaya a kan jimillar da ke ƙasa. Nemi layin da ya nuna harajin kafin a cire komai, sannan ka karanta sunan kowane ragi da aka yi. Ka ciro na shekara uku ko huɗu baya don ka ga yadda abin yake hawa.

Sai rumbun takardun mallaka, ACRIS. A nan za ka ga nawa mai gidan ya saya, yaushe, da bashin da ke kan gidan, wanda zai yi maka amfani a mataki na 5. Rumbun ya ƙunshi gundumomi huɗu. Na Staten Island yana ofishin magatakardan gundumar Richmond.

Idan ko-of ne, takardar ta ginin ce gaba ɗaya. Rabon fulat ɗinka sai a wurin kamfanin da ke kula da ginin za ka same shi.

3. Rarrabe na gini da na mai gida

Yanzu ka ɗauki jerin ragin da ka gani ka raba shi gida biyu.

Na mai gida su ne ragin tsofaffi da ake kira SCHE, na masu buƙata ta musamman, na tsoffin sojoji, na malaman addini, da STAR, wato sauƙin harajin makarantu da jiha ke bai wa masu gida. Duk waɗannan saboda wanda ke zaune a ciki aka ba da su. Tsohuwar da ta shekara talatin a gidanta tana iya biyan rabin abin da za ka biya a gida ɗaya, don SCHE yakan cire har rabin ƙimar haraji. Ranar da ta sayar maka, lissafin ya canza. Goge su duka daga lissafinka, sai wanda kai da kanka ka cancanta.

Na gini su ne 421-a, na sababbin gine-gine, da J-51, na tsofaffin da aka yi wa babban gyara. Waɗannan suna bin ginin ko wane ne ya saya, amma suna da wa'adi. Shirin 421-a ya fara a 1971, ya daina karɓar sababbin gine-gine a watan Yunin 2022, a 2024 aka kawo 485-x a madadinsa. Sai dai gine-ginen da suka riga suka shiga suna ci gaba da cin nasu har wa'adinsu ya cika, kuma da yawansu yanzu suna gab da ƙarshe. Shi ya sa ake yawan ganin kondo mai kyau da harajin da ya yi kama da kuskuren rubutu.

Hattara: akwai gine-ginen da ƙasar da ke ƙarƙashinsu haya ce, kamar na Battery Park City. A can ban da kuɗin hayar ƙasa, ana biyan wani kuɗi a madadin haraji. Farashinsu yakan yi sauƙi, kuɗin wata ya yi nauyi. Tambayi shekarar da za a sake tsayar da kuɗin hayar. Haka ma ko-of na masu ƙaramin ƙarfi da ake kira HDFC, rangwamen da yawancinsu ke ci an tsara zai ƙare a 2029, kuma akwai iyakar abin da mai saye zai riƙa samu a shekara.

4. Yi lissafin ranar da rangwame zai ƙare

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗawa, don haka a tsaya a kai.

Rangwamen 421-a ba ya yankewa dare ɗaya. Galibi raguwa yake yi kashi 20 kashi 20. Mai wa'adin shekara 10 yana ba da cikakken ragi na shekara biyu, daga nan ya riƙa sauka duk bayan shekara biyu. Mai 15 cikakke ne shekara 11, sai ya sauka kowace shekara har huɗu. Mai 25 cikakke ne shekara 21, shi ma ya sauka a huɗun ƙarshe. Abu uku kake buƙata a rubuce: tsawon wa'adin, shekarar da aka fara ƙirgawa, da harajin fulat ɗin ba tare da ragi ba.

A ɗauki misali. A ce kondo ne mai wa'adin shekara 15, harajinsa na gaskiya dala 900 a wata, yanzu ana biyan 60. Ragin ke nan 840. A shekara ta 12 za ka biya 228, ta 13 ka biya 396, ta 14 ka biya 564, ta 15 ka biya 732, daga ta 16 kuma 900. Wannan idan ƙimar ginin ba ta motsa ba ke nan, alhali ta kan motsa, kuma sama take yi.

Tambayar farko da za ka yi wa kanka: albashina na yau zai ɗauki 900 ɗin? Idan amsar sai an ƙara mini girma a wurin aiki ce, gidan ya fi ƙarfinka.

Tambaya ta biyu ita ce nawa ragowar rangwamen ya kai. Idan ka saya a farkon shekara ta 10, kana da shekara biyu cikakku, wato dala 20,160, sai huɗun da ke sauka waɗanda jimillarsu ita ma 20,160 ce. Duka 40,320. Iyakar abin da rangwamen zai ba ka ke nan. Idan mai sayarwa ya ɗora dala 70,000 a kan farashin irin wannan fulat a ginin da ba shi da rangwame, ba kai ka ci ribar ba, shi ya ci, ya kuma bar ka da kuɗin ruwan bashin da ka ƙara ci don biyansa. Sannan ranar da za ka sayar, mai sayenka 900 zai gani, kuma da ita zai taya. A ganina rangwamen da ya rage masa ƙasa da shekara biyar bai kamata ya shiga maganar farashi sosai ba. Ka ɗauke shi a matsayin gyara da aka ɗora maka bayan an gama awo.

Hattara: fulat ɗin da ke cin 421-a ba ya samun ragin ko-of da kondo da za a yi bayani a mataki na 9. Idan wa'adin ya ƙare ana iya nemansa, amma ba ya zuwa da kansa.

5. Tara kuɗin ranar kammala ciniki

Kuɗin kafin alƙalami ba shi kaɗai za ka tanada ba. Yawancin ko-of suna neman aƙalla kashi 20 cikin ɗari na farashi, wasu kuma suna son ganin ka rage ajiyar da za ta riƙe ka bayan saye. Ban da wannan akwai haraji uku.

Harajin rajistar bashin gida. Mai saye yana biyan kashi 1.8 idan bashin bai kai dala 500,000 ba, kashi 1.925 idan ya kai ko ya wuce. Kondo na dala 800,000 da aka ci bashin 640,000 a kansa zai ci kimanin 12,320. Ko-of ba ya biyan wannan kwata-kwata, tunda hannun jari ne ba ƙasa ba, kuma wannan yana daga manyan dalilan da kammala cinikin ko-of ya fi araha. Ga kondo da gida akwai dabara halastacciya mai suna CEMA. Idan mai sayarwa yana da ragowar bashi, bankinsa ya miƙa wa bankinka shi, kai ka biya haraji a kan ƙarin kawai. Ragowar dala 400,000 za ta iya rage maka kimanin 7,700. Sai bankunan biyu da mai sayarwa sun yarda, akwai kuɗin aikinsa, kuma yana jan lokaci, don haka a ta da maganar tun kafin a sa hannu.

Harajin da ake wa laƙabi da na katafaren gida, ko da yake a Manhattan fulat mai ɗaki biyu ma yana iya faɗawa cikinsa. Yana farawa daga dala miliyan ɗaya daidai, kashi 1 cikin ɗari, kuma a kan farashin duka, ba a kan abin da ya haura miliyan ba. Gidan 999,999 ba ya biyan ko sisi, na 1,000,000 yana biyan 10,000. Daga miliyan biyu ya koma kashi 1.25, yana hawa har 3.9 ga gidajen miliyan 25 zuwa sama. Ya shafi ko-of ma. Idan farashi yana yawo a bakin miliyan, ka san inda za ka dage a ciniki.

Hattara: kada ka yarda a rage farashi a takarda a biya ragowar a bayan fage, ko a ƙirƙiri cinikin kujeru na ƙarya don a sauka ƙasa da miliyan. Zamba ce a haraji, kuma sa hannunka ke kan takardar.

Harajin sauya mallaka. Na birni kashi 1 ne har zuwa dala 500,000, kashi 1.425 a sama da haka. Na jiha kashi 0.4 ga gidan da bai kai dala miliyan uku ba. A al'ada mai sayarwa ke biya. Amma kamfanonin da ke sayar da sabon gini sun saba jefa wa mai saye, har da kuɗin lauyansu. A kan 800,000 wannan ya kai kimanin 14,600. Abin ciniki ne, musamman idan fulat ɗin ya daɗe bai shiga ba.

Ƙara kuɗin lauyanka, inshorar takardar mallaka ga kondo da gida, kuɗin banki da na mai ƙiyasta daraja.

6. Nemi tallafi da bashi kafin ka taya

Idan karon farko ne kake sayen gida, akwai shirin HomeFirst na hukumar gidaje ta birnin, wanda ke ba da bashin da ake yafewa, har dala 100,000, don kafin alƙalami ko kuɗin kammalawa. Yana da iyakar samu, sai ka yi kwas ɗin masu sayen gida a cibiyar da hukumar ta amince da ita, sai ka kawo taka ajiyar, kuma sai ka zauna a gidan shekara 10, ko 15 idan abin da aka ba ka ya wuce 40,000, kafin a yafe. Jiha ma tana da hukumar lamunin gidaje, SONYMA, mai ba da bashi da sauƙin ruwa ga masu sayen farko. Kwas ɗin da takardar cancanta ake fara yi. Wanda ya sa hannu a ciniki sannan ya zo nema yakan tarar lokaci ya ƙure masa.

Masu guje wa kuɗin ruwa suna da kamfanonin da ke tsarin musharaka ko murabaha. Tambaye su abu biyu tun ranar farko: suna shiga cinikin ko-of, kuma wace takarda suke bayarwa a ƙarshen shekara don lissafin haraji.

Ko wane ne mai ba ka kuɗi, ce masa ya fitar maka da biyan wata iri biyu, da harajin yau da kuma cikakken haraji.

7. Ba lauya aikin da ya dace

A New York karɓar tayi da baki ba ya ɗaure kowa. Ciniki yana ƙulluwa ne idan ɓangarorin biyu sun sa hannu a yarjejeniya, kuma a lokacin ake ajiye kashi 10 cikin ɗari a asusun amana na lauyan mai sayarwa. 'Yan kwanakin da ke tsakani su ne damarka. Ka ɗauki lauyan da aikinsa ke nan, ba wanda ya yi maka takardun zama ba, kuma ba wanda mai sayarwa ya kawo ba.

Abin da zai karanta maka: kundin tsarin ginin da aka shigar a ofishin babban lauyan jiha, wanda a sabon gini yake nuna hasashen haraji. Bayanan kuɗin ginin na shekara biyu. Da kuma rubutaccen bayanin zaman kwamitin gini, inda ake ganin abin da talla ba ta faɗa. Gine-ginen da suka haura hawa shida dole a duba bangonsu na waje duk shekara biyar, gyaran da ke biyo baya kuma masu fulat ake raba wa. Dokar birni mai lamba 97 ta 2019 ta sa wa manyan gine-gine iyakar hayaƙin da za su fitar daga 2024, wanda ya wuce a ci shi tara. Karo-karo irin wannan zai iya cinye duk rangwamen da kake murna da shi.

Hattara: hasashen harajin shekarar farko a sabon gini sau da yawa an yi shi ne tun ginin bai kammala ba. Tambayi na bayan an ƙiyasta shi cikakke. Kuma ka tabbata yarjejeniyar ta ce za a mayar maka da ajiyarka idan banki ya hana bashi. Kwamitin ko-of yana iya ƙin karɓarka ba tare da ya faɗi dalili ba, wannan ma a rubuta abin da zai faru da kuɗinka.

8. Kula da ranar 5 ga Janairu

Shekarar harajin gida tana farawa 1 ga Yuli ta ƙare 30 ga Yuni. Amma hukuma tana duba halin da gida yake ciki ne a ranar 5 ga Janairun da ya gabace ta. Ga mai ko-of ko kondo, wanda ya kammala ciniki a ranar ko kafin ta zai iya samun ragin ko-of da kondo na mataki na 9 daga Yulin shekarar. Wanda ya kammala 10 ga Janairu sai Yulin shekara mai zuwa. Idan cinikinka ya faɗo ƙarshen Disamba, ka matsa kada hutu ya tura shi gaba.

9. Bayan makulli, nemi naka

Ba wanda zai kawo maka ko ɗaya daga cikin waɗannan gida.

STAR shi ne mafi sauƙi. Rajista ake yi sau ɗaya a shafin hukumar harajin jihar New York, ba ta birni ba. Sharaɗin shi ne gidan ya zama mazauninka na ainihi, abin da masu gidan ke samu kuma bai wuce dala 500,000 a shekara ba. Sababbin masu gida ba a cire musu daga takardar haraji, cak ake turo musu ko a saka a asusun banki. A cikin birnin kuɗin 'yan ɗaruruwan daloli ne, amma rajistar ba ta cin rabin sa'a. Masu shekara 65 zuwa sama da samunsu bai yi yawa ba suna da wanda ya fi girma.

Ragin ko-of da kondo ya fi tsoka. Yana cire kashi 17.5 zuwa 28.1 na haraji, gwargwadon matsakaiciyar ƙimar harajin fulat a ginin. Inda ta kai dala 50,000 ko ƙasa, kashi 28.1 ne. Inda ta haura 60,000, kashi 17.5. Mai harajin 8,000 a shekara zai rage aƙalla 1,400. Sai fulat ɗin ya zama mazauninka na ainihi, kuma ba ka mallaki fiye da uku a ginin ba. Ba kai ke nema ba. Kwamitin gini ko kamfanin da ke kula da shi ne ke shigar da sunanka, wa'adinsu kuma 15 ga Fabrairu. Rubuta musu a makon da ka tare, ka sake tuna musu a Janairu, ka nemi shaidar an shigar.

Hattara: wanda ya sayi fulat da sunan kamfaninsa ya rasa wannan ragin. Idan wani ya ba ka shawarar haka don ɓoye suna, lissafa abin da za ka yi asara tukuna. Kuma ko-of da yawa suna ɗora karo-karo daidai da kuɗin ragin kowace shekara, sai abin ya tashi ba ci ba asara. Wanda bai samu ragin ba kuwa zai biya karo-karon daga aljihu.

Ragin tsofaffi, na masu buƙata ta musamman, na tsoffin sojoji da na malaman addini duk wa'adinsu 15 ga Maris, a hukumar kuɗi ta birni. SCHE yana buƙatar shekara 65, samun masu gida da matansu ko mazajensu kada ya wuce dala 58,399, kuma sai an mallaki gidan wata 12 kafin nema. Ana sabunta shi duk shekara biyu, kuma mantuwa da takardar sabuntawa ta isa ta sa a cire mutum.

A wannan makon ka yi rajistar sanarwar da hukumar ke aikawa kyauta duk lokacin da aka shigar da wata takarda a kan gidanka. Satar takardar mallaka da sa hannun jabu matsala ce sananniya a birnin.

10. Buɗe wasiƙar Janairu

Kowane Janairu ana aiko da sanarwar ƙimar gida ta shekara mai zuwa. Duba cewa faɗin gida, yawan fulat da ajin haraji daidai suke, kuma ragin da ka nema ya bayyana. Idan kana ganin an tsawwala, ana kai ƙorafi hukumar sauraron ƙorafin haraji, wadda ba ta ƙarƙashin hukumar kuɗi. Wa'adin aji na biyu 1 ga Maris, na aji na ɗaya 15 ga Maris, kuma ba a karɓar na wanda ya makara. A ko-of ginin ne ke shigarwa, a kondo ma galibi kwamiti ke yi wa kowa.

Mai gida a aji na ɗaya ya yi wannan gwajin kafin ya wahalar da kansa. Raba ƙimar haraji da kashi 6 cikin ɗari. Idan ƙimar 36,000 ce, amsar 600,000. Sai ka iya nuna gidan bai kai 600,000 a kasuwa ba za a rage maka, ko da hukuma ta rubuta darajarsa 900,000 kana ganin 800,000 ce.

Hattara: iyakar tashin ƙima ta kashi 6 a shekara ba ta shafi ƙarin gini ba. Ɗora hawa ko faɗaɗa gida yana shiga ƙima kai tsaye. Idan kuma banki ke biya maka haraji daga asusun amana, duk shekarar da rangwame ya sauka zai turo maka takardar gibi tare da ƙarin biyan wata. Fara ware bambancin tun kafin ta iso.

11. Lissafin harajin tarayya

Dillalai suna son cewa gwamnati za ta mayar maka da kuɗin ruwa. Ba haka abin yake ba. Ana cire kuɗin ruwan bashin da bai wuce dala 750,000 ba daga samun da ake ɗora wa haraji, ga bashin da aka ci bayan 15 ga Disamban 2017. Ana kuma cire harajin jiha da na birni da na gida a haɗe, amma da iyaka. Daga 2018 zuwa 2024 iyakar dala 10,000 ce. Dokar Yulin 2025 ta ɗaga ta zuwa 40,000, tana raguwa ga masu samun fiye da 500,000, kuma an tsara za ta koma 10,000 a 2030. Bashin shekara 30 kada a gina shi a kan sauƙin shekara biyar.

Duk wannan yana aiki ne idan ka lissafa ragin ɗaya bayan ɗaya maimakon karɓar ragin bai-ɗaya, wanda a 2025 ya kai 31,500 ga ma'aurata, 15,750 ga mutum ɗaya. Ribar ita ce abin da ya haura wannan. A ce bashin 640,000 ne a kan ruwa kashi 6.5, shekarar farko ruwan zai kai kimanin 41,000. Ƙara harajin jiha da birni da gida, a ce 20,000, ya zama 61,000. Cire 31,500, saura 29,500. Ga ma'auratan da ke matakin harajin tarayya na kashi 22, abin da ya ragu a harajinsu kimanin 6,500 ne a shekara, kuma yana raguwa yayin da bashin ke sauka. Jihar New York tana barin mutum ya lissafa ɗaya bayan ɗaya a takardarta ko da ya karɓi ragin bai-ɗaya a ta tarayya, don haka ka ce wa mai cika maka takardu ya gwada hanyoyin biyu. Mai ko-of ya karɓi takardar ƙarshen shekara daga masu kula da gini, wadda ke nuna rabonsa na haraji da na ruwan bashin ginin, don su ma ana cirewa.

Ajiye takardar kammala ciniki da rasit na kowane babban gyara. Ranar sayarwa, ribar da ta kai dala 250,000 ga mutum ɗaya ko 500,000 ga ma'aurata ba ta da harajin tarayya, muddin ka mallaki gidan ka kuma zauna a ciki shekara biyu cikin biyar ɗin ƙarshe. Kuɗin gyaran, da harajin katafaren gida idan ka biya shi, ana ƙara su a kan farashin sayenka kafin a fitar da ribar.